Murhu Bakwai, Dorina Ɗaya, da Surukata

Da sunan Wanda ya ba iska murya, ya ba ruwa amo, ya yi wa kunne ƙofa bai yi masa marfi ba. Ku matso ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Nomau ɗan Jatau, mai molo, mutumin Tudun Marke. Abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba. Ƙafata ta taka shi, cikina ya ji yunwarsa, rigata ta sha ruwansa.

A zamanin da gemuna yake baƙi ƙirin, ina da molo ɗaya da waƙa uku, kuma a ganina duniya ba ta bukatar ta huɗu. Mutanen garinmu ba haka suka gani ba. Har ta kai in na doshi gidan biki, uwar biki za ta tare ni tun daga zaure da akushin tuwo, ta ce, “Ci tukuna, Nomau, kiɗa ba sauri.” In na cinye a ƙaro mini. Na daɗe ina ɗaukar abin karramawa ce, sai ranar da na ji wata tsohuwa a bayan danga tana cewa, “Ku ƙara masa miya, ya fara taɓa tsirkiya.”

Ina cikin wannan baƙin ciki wani falke mai gishiri ya sauka garinmu. Shi ya ba ni labarin Tsibirin Amo, can bayan Fakon Ba-Inuwa, a tsakiyar wani babban tafki. Ya ce a can mutum uku kan buɗe baki lokaci ɗaya, wannan ya riƙe ƙasa, wannan tsaka, wannan sama, kowa da muryarsa dabam, amma maimakon hayaniya sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Na ce masa a garinmu in mutum uku suka buɗe baki lokaci ɗaya sai an kira mai unguwa. Ya rantse da idonsa da kunnensa. Na koma gida na fara ɗaure kaya.

Matata Tasalla ta dube ni ta ce, “Ƙafarka ƙafata.” Ban yi musu ba, don ban taɓa yi da ita na ci riba ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne, da gari ya waye na tarar da uwarta a ƙofar gida zaune bisa ƙunshin tabarma, da butarta a gefe, da tukunyar daddawa a cinya. Inna Delu ke nan, surukata, mace mai faɗi wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. In ta yi gyaran murya a ɗaka, maƙwabta kan fito su kwashe shanya, suna zaton hadari ne.

Na durƙusa na gaishe ta, idona a ƙasa. Ba ta dube ni ba, ta ce, “Tasalla, gaya wa mijinki gida na aurar da ke, ba hanya ba. In hanyar ce, to da ni.”

Ku da kuke da surukai kun san abin da ya same ni. Ba na kallon fuskarta, ba na kama sunanta, ba na cin abinci a gabanta. A gida wannan ba wuya, akwai katanga. A hanya ma da farko akwai itatuwa, in an yada zango sai in ɗauki ƙwaryata in zaga bayan kuka. Sai muka shiga Fakon Ba-Inuwa, inda ba itace, ba dutse, ba ko suri, ƙasa shimfiɗe kamar faifai. Na yi ta haɗiyar miyau ina cewa na ƙoshi, har ƙafafuna suka fara rawa ba kiɗa.

Da yunwa ta ci ƙarfina sai na yi dabara. Na koma gefe na tsuguna, na jawo rigata na rufe kaina da ƙwaryar fura gaba ɗaya, na shiga sha a ciki. Ashe a wannan fako akwai wata mikiya mai fukafukai kamar rumfar kasuwa, wadda ke fauce kayan fatake. Ta hango ni daga sama ta ɗauka taikin dawa ne. Ban ankara ba na ji ƙasa ta rabu da ni, ga fura tana bin wuyana. Tasalla ta sa kuka. Inna Delu kuwa ta ɗaga tukunyar daddawa da hannu biyu ta jefa. Tukunya ta fashe a bakin mikiya. Tsuntsuwar da ta ci mushe iri iri a rayuwarta ta shaƙi wannan wari sau ɗaya, ta sake ni, ta yi gabas tana atishawa.

Ina kwance cikin rairayi na ji muryar Inna a kaina. “Tasalla, gaya wa mijinki daddawar kaka guda ce ta tafi saboda shi. In zai ci abinci ya juya mana baya kurum, ƙeyarsa ba ta dame ni ba.”

Da haka muka isa bakin tafki. Ba jirgi a wurin, ba kwalekwale, don a cikin ruwan akwai wata tsohuwar dorina mai baya kamar masussuka, duk abin da aka sa a ruwa sai ta kife shi. Ita ce kuma jirgin fito. Wasu ’yan’uwa uku masu fito suka hau da mu bayanta, suka tsaya kusa da kunnenta, suka buɗe baki tare. A ranar na ji abin da falke ya faɗa. Murya uku, ba wadda ta yi kama da ’yar’uwarta, amma suka zauna wuri ɗaya kamar tare aka haife su. Dorina ta miƙe cikin ruwa, ni kuwa hawaye ya zubo mini.

Inna ta ce, “Tasalla, gaya wa mijinki ya fyace hancinsa, muna gaban mutane.”

A tsibirin aka kai mu wurin Sarkin Amo Cindo, wani siririn tsoho gwauro mai yatsa shida a kowane hannu. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce koyo na zo yi. Ya ce, “Kai kaɗai?”

Na ce, “Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Waɗannan rakiya suka yi mini.”

Ya ce, “Ka taɓa ganin an ɗora tukunya a kan dutse ɗaya?”

Kafin in amsa Inna ta ce, “Sai wadda ba ta son miyarta.”

Cindo ya juya ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sa’an nan ya ce, “To, abin da muke koyarwa a nan sunansa murhu, kuma dutse uku ne. Ba ma karɓar mutum ɗaya. Ku uku za ku koya, ko ku koma ku uku.”

Ya kai mu kan wani tudu da ke kallon tafki, inda aka jera fararen duwatsu tun daga gindi har ƙoli. Kowanne in an buga shi da guduma yana da amonsa, na gaba ya ɗara na baya tsini. Ya buga bakwai, da ya kai na takwas ya ce, “Wannan na ɗaya ne ya sake dawowa da ƙaramar murya. Daga nan sai a sake ƙirga.” Inna ta gaji da tsayuwa, ta so ta ratsa tsakanin na uku da na huɗu ta je inuwa. Ƙugunta ya ƙi wucewa. Ta yi gaba ya ƙi, ta yi baya ya ƙi. Ni ba dama in taɓa ta, na tsaya ina duban sama kamar mai neman wata.

Ta ce, “Wanda ya jera duwatsun nan marowaci ne. Can ya bar fili, nan ya matse.”

Cindo ya kama hannunta da yatsunsa goma sha biyu ya jawo ta, bai yi saurin sakewa ba. Ya ce, “Baiwar Allah, kin gano darasin yau da jikinki. Ko’ina cikakken taki ne, sai wuri biyu: tsakanin na uku da na huɗu, da tsakanin na bakwai da na takwas. Nan rabin taki ne. Duk abin da za ku koya, waɗannan matsatsun wurare biyu ne suka haife shi.”

Sa’an nan ya nuna mana yadda ake kafa murhu. “Ɗauki ɗaya, tsallake ɗaya, ɗauki ɗaya, tsallake ɗaya, ɗauki ɗaya.” Ya buga na ɗaya da na uku da na biyar tare, sai ga amon nan na masu fito, tas kamar hantsi. Ya matsa ya buga na biyu da na huɗu da na shida, sai amon ya yi sanyi kamar an tuna wani da ya yi nisa. Na ce, “Ranka ya daɗe, me ya same shi?”

Ya ce, “Duba tsakanin na ƙasa da na tsakiya. In taki biyu ne cikakku, murhun babba ne, fuskarsa a sake. In matsatsen wuri ya shiga tsakani, ƙarami ne, kansa a sunkuye. Murhun da ya tashi daga dutse na ɗaya, ko na huɗu, ko na biyar, manya ne. Na biyu, na uku, na shida ƙanana.”

Tasalla ta ce, “Na bakwai fa, Baba?”

Ya ce, “Da sauran lokaci,” yana kallon Inna.

Da aka zo rabon murya rigima ta tashi. Cindo ya saurare mu ɗaya ɗaya, ya ce Inna ce ta ƙasa, don duk tsibirin ba namijin da ya kai ta zurfi. Tasalla a tsakiya. Ni da ’yar siririyar muryata, sama. Na ce, “Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ban taɓa ɗaga murya sama da ta surukata ba, ba kuma zan fara a baƙon wuri ba.”

Ya ce, “Ba rashin kunya ba ne, mazauninka ke nan.”

Na gwada. Inna ta ɗauko na ɗaya, Tasalla ta ɗora na uku, ni na kama na biyar. Amma da na ji kaina can sama, surukata a ƙasa, sai muryata ta riƙa zamewa tana durƙusawa har ta sauko inda tata take. Aka sake, na sake zamowa. Inna ta ce, “Tasalla, gaya wa mijinki na yafe masa, ya hau. Amma a waƙa kaɗai.”

Tun da ba na iya kallon fuskarta in san sa’ad da za ta canza, sai na koma kallon babban yatsan ƙafarta. In ya ɗaga, za mu tashi. In ya sauka, mun sauka. Duk murhun da na sani a duniya, a kan wannan yatsa na koye shi.

Tasalla kuwa ba ta daɗe ba ta gano irin ikon da ke hannun na tsakiya. In ta sauke muryarta rabin taki, babban murhu ya koma ƙarami nan take. Ranar da na ce miyar kifinta ta yi gishiri, muka hau tudu, duk murhun da muka kafa sai ya fito da kai a sunkuye. Matan da ke wanki a bakin ruwa suka riƙa tambayar juna, “Me mai molo ya yi wa matarsa yau?” Daga ranar ban sake jin gishiri a miya ba.

Cindo ya koya mana abu biyu kuma. Na farko, yadda dorina ke jin murhu. In ta ji murhu na huɗu, ta miƙe gaba. Na biyar, ta ɗaga kai tana neman tudu. Na ɗaya, ta nufi gacin da ya fi kusa da ita. Ƙananan kuwa tunani suke sa ta, ta rage tafiya ta ɗan nutse. In kuma ka daɗe a kan murhu guda, sai kunnenta ya ɗauka shi ne gida, wato na ɗaya. Abu na biyu, ya nuna mana wasu ƙananan baƙaƙen duwatsu da ke zaune cikin kowane cikakken taki. Ya ce, “Gida yana tashi. Kowane dutse kana iya mai da shi na ɗaya, muddin matsatsun wurare biyu sun faɗa inda ya kamata. In ka mai da na biyar gida, ka bar tsohon na huɗu, ka ari baƙin da ke samansa. Shi ke nan. Manya uku suna nan, ƙanana uku suna nan, unguwa ce kurum ta canza.”

Amma murhu na bakwai ya ƙi zuwa. Kullum da sauran lokaci. Abin da ke zuwa shi ne kifi: kyafaffe da safe, ɗanye da rana, ga goro, ga turare, duk zuwa ɗakin Inna. Tana karɓa, tana ci, ba ta ce i ba, ba ta ce a’a ba. Ni kuwa a zuciyata ina yi wa Cindo addu’ar nasara, har na fara tunanin hanyar gida mu biyu da matata, ina cin tuwo fuskata a gaba.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Tasalla ta sami ciki, na fari, har ya fito. Ruwan tafki kuma ya fara ja da baya, matan wanki suka gaya mata cewa in ya kai wani dutse da suka nuna, dorina takan nutse ƙasa ta yi barcin shekaru, ba shiga ba fita. Na je wurin masu fito na ce su ƙetar da mu. Babbansu ya sosa ƙeya ya ce, “Sarkin Amo ya ce maƙogwaronmu yana ciwo.”

Na ce, “Ku duka uku?”

Ya ce, “Haka ya ce.”

Na kawo labari gida. Tasalla ta zauna ta riƙe cikinta. Can ta ce, “Inna, ni a ɗakinki nake so in haihu.” A nan addu’ata ta juya, don na lissafa na ga in Inna ta zauna, mu biyu ne, kuma murya biyu ba ta tuƙa dorina.

Inna ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Ta ce, “Ba za a yanke wa jikana cibiya a garin da ko kuka ba su sani ba.” Ta aika aka kira Cindo. Ya zo da sabuwar hula. Ta ce, “Malam, na ji maganarka, na kuma ci kifinka. Amma ni ba na shiga gidan da ban ga duk murhunsa ba. Ka nuna mana shida, ka ɓoye ɗaya. Wa ka ajiye wa shi?”

Cindo ya rantse ba kowa. Ya kai mu tudu har yana tuntuɓe, ya buga na bakwai da na biyun sama da na huɗun sama. Amon ya fito a takure, kamar mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin rijiya. Ya ce, “Wannan shi ne gurgu. Matsi a ƙasa, matsi a sama, tukunya ba ta zama a kansa. Kada ku kuskura ku yi wa dorina shi, zabura take yi. Wanda ya taɓa shi kuwa, ya bi shi da na ɗaya nan take.”

Inna ta ce, “Madalla. Ka ba ni zuwa jibi in yi shawara.”

Washegari da rana tsaka, sa’ad da mutanen tsibiri suka cika ciki da kifi suka miƙe a inuwa, muka sulale bakin ruwa. Molona na ɗaure shi daidai da duwatsu, na taɓa tsirkiya na ba Inna amo. Muka hau bayan dorina muka kafa na huɗu, ta miƙe. Wuyar ita ce ba dama mu taɓa na ɗaya kafin mu wuce tsakiya, in ba haka ba tsibiri za ta mai da mu. Kuma ba dama mu daɗe a wuri guda. Sai muka riƙa zagaye gida ba mu shiga: na huɗu, na biyar, da ta ɗaga kai tana jiran na ɗaya sai mu kauce mu ba ta na shida. Ta yi ajiyar zuciya ta nutse har ruwa ya kama mana idon sawu. Inna ta tattare zane da hannu ɗaya, muryarta ba ta girgiza ba.

Mun kusa tsakiya sai muka ji amo daga baya. Cindo ya farka. Ya tara almajiransa a kan tudu, kowa da guduma, suna dukan na ɗaya da na uku da na biyar da iyakar ƙarfinsu. Amon ya bi kan ruwa ya same mu. Dorina ta tsaya cak, ta kaɗa kunne, kanta ya fara karkata zuwa tsibiri. Muka ƙara murya, amma maƙogwaro uku ba ya ja da tudu guda. Na dubi Tasalla, hannunta a kan ciki.

Ban san inda dabarar ta fito ba, sai na ga ina ƙirga da yatsa. In na biyar ya zama gida, na shida ya zama na biyu, na bakwai na uku, murhun da Cindo ke duka kuwa ya zama na huɗu. Na huɗu kuwa, miƙe gaba. Ba sai mun fi shi ƙara ba, gida za mu ɗauke daga ƙarƙashinsa.

Ba lokacin aike. Na ɗaga kai na dubi surukata ido cikin ido. A ranar na san tana da wushirya. Na ce, “Inna, kama dutse na biyu ki riƙe, kada ki motsa. Tasalla, na huɗu, amma ki hau rabin taki, kan baƙin dutse.”

Tasalla ta ce, “Kai ne kullum kake roƙona kada in taɓa ta tsakiya.”

Na ce, “Yau taɓa ta, amma sama.”

Inna ta kama, Tasalla ta hau, ni na ɗora na shida. Murhun da muka sani ƙarami mai sunkuyar da kai ya miƙe ya zama babba, na biyar na sabon gida. Muka riƙe shi, muka sake, muka kuma. Dorina ta ɗaga kai tana sauraro, kunnenta ɗaya wajenmu, ɗaya wajen tudu. Cindo ya sake duka. Sai ta gyara kai, ta miƙe gaba. Muka ba ta namu, ya ba ta nasa, ta ƙara gaba. Daga nesa muna hango shi yana tsalle yana nuna wa almajirai su ƙara ƙarfi, kuma duk dukan da suka yi tura mu yake. Ban taɓa ganin mutumin da ya raka baƙinsa da gumi irin na Cindo ba.

Da gaci ya matso har muna ganin ciyawarsa, sai dorina ta tarar da bado. Ta tsaya ta sa baki. Muka ba ta na ɗaya na sabon gida, tana tauna. Muka sake, ta lumshe ido. Tsakaninmu da tudu ruwa ne mai zurfi, ga kadoji uku sun jeru suna kallonmu kamar masu jiran a sauke tukunya. Muryoyinmu kuma sun fara dushewa.

Inna ta tofar da miyau ta ce, “A ba ta gurgu.”

Na sa Tasalla ta rungume kunnen dorina da hannu biyu. Inna ta kama baƙin dutse, na bakwai na sabon gida, muka ɗora namu. Ban gama buɗe baki ba dorina ta zabura kamar an soka mata allura, ruwa ya dare biyu, kadoji suka watse, gaci ya taho mana da gudu. Na ce, “Na ɗaya.” Inna ta matsa rabin taki, mu muka matsa taki ɗaya ɗaya, murhu ya zauna daram. Dorina ta kafa ƙafa huɗu cikin taɓo ta tsaya wuri ɗaya. Tasalla tana maƙale da kunne, ko gezau. Ni da Inna muka tashi sama. Ni na fara isa ƙasa, ita ta iso bayana, kuma ba ta sauka a ƙasa ba.

Ta daɗe kafin ta tashi, don sai da ta huce. Da ta miƙe ta dube ni a cikin taɓo, ni kaina, ba ta bakin kowa ba, ta ce, “Kai ɗan nan, ashe akwai abu a cikin kan nan.” Ta juya ta ce, “Tasalla, gaya wa mijinki ya tashi, ya ɓata rigarsa.”

Muka iso Tudun Marke lafiya, Tasalla ta haihu a ɗakin uwarta, mace. Ranar suna muka tsaya mu uku a tsakar gida muka kafa murhu na ɗaya. Masu daka suka tsaya da taɓarya a sama. Da muka sauka kan na shida wata gwaggo ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta san dalili ba. Kafin wata ya mutu ana zuwa ɗaukarmu daga garuruwa, har da jaki na musamman. Jakin na Inna ne. Sanƙira kuwa in zai yi shela cewa yake, “Ga Inna Delu da masu amshinta.” Na je har bayan duniya neman suna, na samo, aka rubuta shi a goshin surukata.

Makaɗa suka fara zuwa neman koyo. Wanda ya fara isowa Barau ne, sarkin kalangu na ƙasarmu, ƙato mai gashin baki, da rago a gaba. Ya durƙusa ya ce, “Inna, a taimaka a koya mini abin nan.”

Inna ta sa aka ɗaure ragon tukuna. Sa’an nan ta ce, “Ba ma karɓar mutum ɗaya. Je ka zo da matarka da uwarta. Ita a ƙasa, kai a sama, kullum da safe.”

Barau ya shafa gashin baki. Matansa uku ne, kuma iyayensu mata duk suna raye da ƙarfinsu. Ya ce, “Wacce daga ciki, Inna?”

Ta ce, “In ka zo da ɗaya, sauran biyun za su ji. Kawo su duka, murhu uku ke nan.”

Ya daɗe a durƙushe yana duban ƙasa. Can ya miƙe a hankali ya kaɗe gwiwa, ya ce shi dai da ya sake tunani, kalangu bai yi masa laifin komai ba. Waɗanda suka biyo bayansa ma haka, kowa ya ji sharaɗi sai ya tuna yana da uzuri a gida.

Shi ya sa har gobe, in kuka bi ƙasarmu daga gabas zuwa yamma, gida ɗaya ne za ku ji murya uku sun zauna lafiya a kan waƙa guda. Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya yi shakka hanya tana nan, tafki yana nan. Ya je da surukarsa.